Jirginka lafiyarsa ƙalau, ɗauke shi daga kan kafet

Wani matashi daga Tudun Wada a Gusau ya aiko da tambaya. Ya ce yayansa ya dawo daga karatu a Ingila, ya yo masa tsarabar ƙaramin jirgin ƙasa ƙirar Hornby: kan jirgi kore irin na da mai aiki da tururi, mai lamba 4472, da taragu 3, da dogo, da akwatin ƙara gudu da ragewa. Kwana 3 bai yi barcin kirki ba don murna. Ya shimfiɗa dogon a kan kafet ɗin falo, ranar farko jirgi ya yi ta zagaye lafiya, amma yanzu fizga yake yi, ya tsaya cik sai an taɓa shi, kuma ko sau ɗaya bai ga hayaƙi ba. Yana so ya san ko ya lalace ne, ta ina ake zuba masa ruwa, wane mai ake sa masa, da kuma abin da zai ce wa abokansa da ke cewa ya koma wasan yara.

Ɗana, barka da arziki. Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya san abin da ake kawo wa ƙane. Kwantar da hankalinka tun daga nan, jirginka bai lalace ba. Sama da shekara 40 ina gyaran rediyo da agogo a garin nan, kuma wajen shekara 20 ke nan ina riƙe da irin waɗannan ƙananan jirage. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, fayaman ne a reluwe, shi ke ɗura wa tukunyar jirgi kwal a layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda. Da na karanta saƙonka na ga ka ce kwana 3 ba ka yi barci ba, na gane abin da kake nufi sarai, don ni ma daren da na samu nawa na farko har aka kira assalatu ina tsugune a gabansa.

Maganar ruwa tukuna, don kada ka yi ɓarna kafin ka gama karatu. Kada ka zuba masa ruwa ko ɗigo. Siffarsa ce kawai ta mai tururi, amma a cikinsa ɗan injin lantarki ne, abin da mu masu gyara ke ce wa moto, irin wanda ke juya kaset a tsohuwar rakoda. Kwal ɗin da ka gani jibge a ɗan taragon da ke manne da shi roba ce. Yawancin irin naka ba sa hayaƙi, haka aka ƙera su. Akwai waɗanda ake sa wa ɗan abin ɗumama wani mai na musamman ya riƙa fitar da farin hayaƙi, amma ban ba ka shawarar nemansa ba. Man nan yana sauka a kan dogo ya yi danƙo, danƙo kuwa a ƙasarmu gayyatar ƙura ne.

Yanzu ga abin da ke sa shi fizga. Akwatin da kake murɗawa yana karɓar wutar gida ya rage ta zuwa abin da bai wuce bolt 12 ba ko kusa da haka, ya tura ta cikin dogo. Wutar tana bin ƙarfe ɗaya na dogon, ta hau ƙafafun jirgi na wannan ɓangaren, ta bi wasu siraran tagulla da ke gogar bayan ƙafafun, ta shiga moto, sannan ta fito ta ƙafafun ɗaya ɓangaren ta koma ta ɗaya ƙarfen. Wurin da ƙafa ke taɓa dogo bai kai tsinin allura faɗi ba. Ka ga ke nan ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya. Shi kuwa kafet rumbun ƙura ne da zare da gashi. Duk zagayen da jirgin ya yi, ƙafafunsa na kwasar zare suna naɗewa a gatarinsu, kuma da yake kafet na lotsawa, mahaɗan dogo suna motsi har su saki. Ranar farko komai sabo ne, shi ya sa ya yi gudu. Zuwa rana ta uku ya riga ya kwashi abin da zai kwasa.

Gane inda matsalar take ba wuya. Kunna shi ka zuba ido. In a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, laifin dogo ne: ko ya yi datti a nan, ko ɗan ƙarfen da ke haɗa yanki da yanki ya buɗe baki, sai ka ɗan matse shi da filaya a hankali. In kuwa ko'ina yake tsayawa ba zaɓe, to ƙafafun ne ko siraran tagullar nan. Kwantar da shi rigingine a kan tawul mai laushi, ka ɗauki batir mai bolt 9, ɗan murabba'in nan da ake sa wa mita, ka taɓa bakinsa ɗaya a ƙafar hagu, ɗaya a ta dama. In ƙafafu suka juya, moto lafiya lau yake. Yayin da suke juyawa sai ka kanga musu auduga mai tsinke da ka jiƙa da sifirit, za ka ga baƙin da zai fito har ka yi mamaki. Sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke cikin waya da shi ya fi kowane, in ba ka samu ba na kemis ma ya wadatar. Zaren da ya naɗe a gatari kuma ka zaro shi da hantsaki. Shi dogon, tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare za ka ɗan jiƙa da sifirit, ka bi saman ƙarfen da yatsa. Kada ka kusance shi da fetur ko tina ko kananzir, suna cin roba da fenti. Kada kuma ka goge dogo da samfefa. Zai yi ƙyalli a ranar, amma ka yi masa zane-zanen da datti zai riƙa kwanciya ciki har abada.

Abu biyu da hannu ke saurin yi, ka hana kanka. In ya tsaya, kada ka danna shi ka tura. Giyar da ke tsakanin moto da ƙafafu irin mai murɗaɗɗen haƙori ce, moto ne ke iya juya ƙafa, ƙafa ba ta iya juya moto, in ka tilasta mata haƙori zai karye. Sannan in za ka ɗaga shi, riƙe shi ta gangar jiki, yatsunka su nisanci sandunan da ke gefen ƙafafu. In ɗaya ta lanƙwashe ko kaɗan, jirgin zai riƙa ɗingishi, kuma miƙar da ita aiki ne ja.

Batun mai shi ne inda na taɓa ƙonewa, don haka zan faɗa maka yadda abin ya faru. Jirgina na farko baƙi ne, ɗan ƙarami mai ƙafa 6. Da yake hannuna ya saba da keken ɗinki da fanka, sai na ga ai duk abin da ke juyawa mai yake so. Na ɗauko man keke na bi duk wata gaɓa na tsiyaya. Sati 2 yana tafiya kamar ruwa. Sai hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, irin wanda za ka share tebur da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Ƙurar nan ta haɗu da man ta zama wani baƙin kwaɓi kamar kwalli, ta cushe giya, ta malala har kan gawayin moto, wato 'yan abubuwan da ke kai masa wuta a ciki. Wata rana da daddare na ji ƙaurin waya, na taɓa bayansa na ji zafi kamar dutsen guga. Wata 7 na yi ina jiran wanda zai taho mini da wani moton daga waje, kuma duk lokacin jirgin na kan kanta ina kallonsa, abin na cina a rai. Saboda haka ka ji da kyau: sabon jirgi da mansa yake zuwa daga masana'anta, ba ya bukatar ƙari yanzu. In ya yi watanni yana aiki ka fara jin ƙara ko ƙiiƙii, sai ka nemi mai marar kauri wanda aka yi don irin waɗannan, wanda ba ya cin roba. Ka roƙi yayanka ya sa a aiko maka, kwalba ɗaya za ta yi maka shekaru. Ɗigo ɗaya za ka sa a murfin kwalba, ka tsoma tsinin allura, abin da allurar ta ɗauko shi ne rabon gaɓa ɗaya. In ido na ganin man, ya yi yawa, goge. Baƙin mai, man gyaɗa, man feshin kwance tsatsa, duk ka manta da su. Kuma mai ba ya taɓa fuskar ƙafa ko saman dogo.

Akwai abin da ya kamata a yi wa sabon jirgi tun ranar farko, kuma bai ɓaci ba in ka yi yanzu bayan ka wanke shi. Cire taragu, ka bar kan shi kaɗai, ka sa shi matsakaicin gudu ya yi minti 30 gaba, ka bar shi ya huta, ya yi minti 30 baya. Kamar yadda ake lallaɓa sabon babur ne kafin a fara buɗe masa wuta, haƙoran giya su saba da juna.

Wutar gida ma sai ka lura. Kayan Ingila da namu jirgi ɗaya ya kwaso su, wutarsu bolt 230 ce kamar tamu, filoginsu mai ƙafa 3 yana shiga soket ɗinmu. Amma in wata rana aka kawo maka wani daga Amurka, duba rubutun da ke jikin taransifomar kafin ka soka, don tasu 110 zuwa 120 ce, in ta sha tamu take za ta ƙone. Abin da na fi tsoro shi ne lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, da kuma ƙaramin janareta mai hawa da sauka. Ka bi da shi ta sitabilaiza, ko ta inbata in kuna da sola a gida, kuma da ka gama ka zare filogi. In kana cikin tuƙi ka ga komai ya mutu, duba ko wani ƙarfe ya gitta dogo, kusa ko makulli ko ƙafar tarago da ta sauka. Akwatin yana yanke wuta da kansa don ya kare kansa, in ka cire abin ka ɗan jira zai dawo.

To ina za a shimfiɗa dogon? A kan katako, nesa da ƙasa. Je wurin masu katako ka sayi fallen filawud guda cikakke, mai ƙafa 8 da ƙafa 4, wato kamar mita 2.4 da mita 1.2, ka sa kafinta ya yi masa firam ta ƙasa don kada ya bankare, da ƙafafu daidai ƙugunka. Kwanar dogon da ke zuwa da irin kayanka tana cin faɗin mita 1 da ɗan kai, saboda haka fallen zai ɗauke ta. Kada ka yarda a rage faɗin don a samu wuri, babban kan jirgi irin naka ba ya son matsattsiyar kwana, ƙafafun gaba za su riƙa sauka. Ka shafe katakon da fenti ciki da waje, ƙafafun kuma kada su zauna kan ƙasa tsurarta, ka san halin gara. Ka nisanta shi da taga. Zafin bazara a ɗakin kwano a nan Zamfara, lokacin da awo ke haura 40, ya isa ya lanƙwasa roba, balle a ce rana na dukansa kai tsaye ko an bar shi cikin mota a rufe. Shi kansa ƙarfen dogo yana miƙewa da zafi, don haka wurin haɗa yanki da yanki ka bar ɗan tsakani kamar kaurin katin waya a wasu mahaɗan. Haka ake yi a babban dogo, wannan tsakanin ne ke ba da ƙarar nan ta ƙaƙas-ƙaƙas da duk wanda ya taɓa shiga jirgi ya sani. In ka gama wasa, kan jirgi ya koma kwalinsa ko akwatin gilashi, teburin kuma a lulluɓe shi da tsohon zanen gado.

Duk wannan share fage ne. Abin da nake so ka yi da zarar jirgin ya dawo daidai shi ne ka rage masa gudu. Kowane sabon shiga murɗe akwatin yake yi har ƙarshe, jirgi ya yi ta wulwulawa kamar ɓera a ɗaki, bayan sati ya gundure shi. Naka an ƙanƙanta shi ne sau 76, abin da harufan OO da ke jikin kwalin ke nufi ke nan. In kana so ya yi tafiyar da ta yi daidai da kilomita 60 a awa, mita 1 zai ci cikin sakan 4 da rabi. Jirgin kaya mai tafiyar kilomita 30 kuwa sakan 9. Auna mita 1 a kan dogo, ka sa alama, ka riƙe agogo ka gwada. Sannan ka jawo kujera 'yar tsugunno, idonka ya yi daidai da ƙafafun, ka kalli sandunan nan.

Abin da za ka gani shi ne ainihin yadda babban yake aiki. A babban jirgi, wuta na can baya kusa da direba, a cikin wani akwatin ƙarfe da ruwa ya kewaye. Zafinta na bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa doguwar tukunyar nan, ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama da ƙarfinsa. Direba ya buɗe masa hanya ya gangara zuwa silinda, waɗannan ganguna biyu da kake gani a gaba ta kowane gefe. A ciki akwai fistin, kuma tururi na tura shi ta gaba, ya sake turo shi ta baya, ba kamar na mota ba da ake bugunsa ta fuska ɗaya. Babbar sanda ta ɗauki wannan kai da komowa ta mayar da shi juyi a ƙafa, wata sandar kuma ta ɗaure manyan ƙafafun wuri ɗaya don su yi aiki tare. Ƙananan sandunan da ke sama, masu rawa kamar ƙafar fara, su ke buɗe wa tururi ƙofa su rufe a kan lokaci, kuma da su direba ke sa jirgi ya yi gaba ko baya. Wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Walschaerts ne ya ƙirƙiro wannan tsarin a 1844, har yau da sunansa ake kiransa.

Tsayar da jirgin, ka dubi inda sanda ta kama ƙafa ta dama, sannan ka zagaya ka dubi ta hagu. Ba a wuri ɗaya suke ba. An gocar da su da gangan, domin akwai inda in fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da ƙarfin juya ƙafa, kamar feda in ta miƙe sama sak. Da duka ɓangarorin za su kai nan lokaci ɗaya, jirgi zai iya tsayawa a tasha ya kasa tashi. Da aka gocar da su, in ɗaya ya gaza ɗaya na kan ganiyarsa.

Shi kuma fuf-fuf ɗin nan da aka san jirgi da shi, tururin da ya gama aiki ne ake harbawa ta bututun hayaƙi. Fitarsa da ƙarfi tana zuƙo iska ta cikin wuta, kamar zugazugin maƙeri, saboda haka iya wahalar da jirgi ke sha iya ruruwar wutarsa. Mai silinda 2 yana yin fuf 4 a kowane juyin ƙafa. Mahaifina daga kan tabarmarsa a gida yake gane yadda jirgi ke ciki da jin wannan numfashin. Yakan ɗaga hannu ya ce mu yi shiru, ya saurara, ya ce, “Wanga ya ɗauko kaya da yawa,” ko ya ce ɗaya daga cikin bugun huɗun na ɗingishi, gobe sai loko, wato wurin gyaran jirage. Ina tuna hannuwansa in ya dawo, layin tafin duk baƙi, sabulun salo ba ya fitar da shi, da tabon ƙuna a damtsensa na dama inda ƙofar wuta ta taɓa lasarsa. Yakan ce zuba kwal ba jibgawa ba ne, watsawa ake yi kamar mai yafa iri, kusurwa-kusurwa, in ka bar rami iska mai sanyi ta shiga tururi ya faɗi, direba ya juyo ya harare ka.

Wanda ke hannunka kuwa ba ƙaramin jirgi aka kwaikwaya ba. Lamba 4472 ta Flying Scotsman ce, an ƙera shi a Donkasta a 1923, kuma a 1934 ya yi gudun mil 100 a awa, wato kilomita 160, aka auna aka tabbatar. Yana nan da ransa, mallakar gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya da ke Yok. Ƙirga ƙafafunsa: ƙanana 4 a gaba, manya 6, ƙanana 2 a baya, shi ya sa ake rubuta 4-6-2. Manyan nan a jikin na gaskiya sun haura mita 2, sun fi ka tsawo, don an yi shi ne saboda gudu da fasinja. Yana da silinda ta uku ɓoye a tsakiya, saboda haka shi fuf 6 yake yi a juyi ɗaya. Namu na Nijeriya jan kaya aka fi nema da su, sai ƙafafun suka zama gajeru masu yawa. Akwai waɗanda aka fara kawowa daga masana'antar Vulcan ta Ingila a 1948, masu tsarin 2-8-2, aka raɗa musu sunayen koguna. Kwal ɗin da suke ci a wancan zamani kuwa daga Inugu ake haƙo shi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake fata za ka yi da teburin nan. Hotunan da ke jikin kwali duk karkarar Ingila ce, koriyar ciyawa da coci da tumaki. Babu laifi, amma kai kana da tasha a garinku. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau kuma ya kai Ƙaura Namoda a 1929, a nan ya tsaya. Gyaɗa da auduga da fatu ne suka jawo shi, kuma shi ya buɗa Gusau ta zama garin ciniki. Ina yaro na ga jakuna da raƙuma da manyan motoci suna sauke buhuna a bakin tashar Ƙaura, lebura na hawa da gudu da buhu a ka. Babu kamfanin da zai sayar maka da wannan a kwali, da hannunka za ka yi shi.

Lissafin mai sauƙi ne: duk abin da ka auna ka raba da 76. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama milimita 22. Ƙofa mai mita 2 ta zama milimita 26. Je tasha da tef ɗin awo da wayarka, ka yi sallama da ma'aikatan da ka tarar, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka auna taga da ƙofa da tsayin dakali. In ka dace da tsohon ma'aikaci, zauna ka saurare shi, abin da zai gaya maka ba ya cikin littafi. Bango da kwali mai kauri ake yi. Rufin kwano kuwa, yanka gwangwanin lemo ka shimfiɗa a kan matsefi ka bi da tsinke, zai fito da layi-layi. Buhunan gyaɗa ka murza su da yumɓu, kowane kamar ƙwayar wake, kada ka yi amfani da waken gaske don ƙwari za su cinye maka dala. Bishiyar kuka da murɗaɗɗiyar wayar tagulla ake yinta a shafe da gam da garin katako, kuma in ka sa guda ɗaya tak a bayan tasha, duk wanda ya shigo ɗakin zai san ƙasar da yake kallo. Jar ƙasa da yashi ga su nan kyauta, ka tankaɗe, ka shanya su bushe ƙarau, ka kafe su da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa. Amma kafin ka zuba, ka bi cikinsu da maganaɗisun tsohuwar lasifika. Yashinmu na ɗauke da garin ƙarfe, in ba ka tsince shi ba maganaɗisun moto zai tsince maka shi. Ka kuma sayi mararrabar dogo guda 2 ka yi layi na biyu a gaban tashar, yadda kan jirgi zai saki taragu ya zagaya ya kama su ta ɗaya ƙarshen, kamar yadda dole ake yi a tashar da dogo ya ƙare. Za ka ga wannan kai da kawowar ya fi zagaye daɗi nesa ba kusa ba.

Wani abu da zai yi maka amfani nan gaba: tsohon dogonmu ya fi na Ingila matsi. Namu milimita 1067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, nasu 1435, irin wanda aka shimfiɗa daga Abuja zuwa Kaduna. Dogon da ke hannunka milimita 16.5 ne. In ka raba 1067 da 64 za ka samu kusan haka, saboda haka ranar da hannunka ya faɗa har kake so ka ƙera taragon Nijeriya na kanka, ka ƙanƙanta shi sau 64, zai zauna a kan wannan dogon daidai da yadda na gaskiya ke zama a nasa. Haka masu wannan sha'awa ke yi a Niyuzilan, inda faɗin dogonsu ɗaya ne da namu.

In ka ga an rubuta DCC Ready a kwalin, ma'anarsa akwai gurbin da za a soka wata 'yar na'ura da ke ba da damar tuƙa jirage da yawa a dogo ɗaya, kowane da lambarsa, wasu har da sauti. Ba yanzu ba. Haka kuma akwai ƙananan jirage masu tururin gaske, manya ne sun fi naka, ana zuba musu ruwa a kunna musu gas su yi tafiya a dogo mai faɗin milimita 32 ko 45 a tsakar gida. Suna da tsada, suna ƙuna, kuma tataccen ruwa suke sha, don ruwan rijiya ko na burtsatse zai toshe musu tukunya da farin gishiri kamar yadda yake yi wa butar shayi. Ka fara ƙwarewa a kan wannan.

Abokanka kuma kada ka yi musu gardama. Wanda zai riƙe jirgin nan yadda ya kamata sai ya koyi lantarki, da aikin kafinta, da awo da lissafi, da fenti, da tarihin garinsu, kuma ni da yawan abin da na sani na gyaran ƙananan injina a kansa na ƙara gogewa. Gayyato su wata rana bayan la'asar, ka sa jirgin a tafiyar sakan 9, ka miƙa wa wanda ya fi kowa dariya akwatin, ka ce ya tsayar da taragon tsakiya daidai ƙofar tasha ba tare da fizga ba. Zai nemi a ba shi karo na biyu. Yaran gida ma kada ka kore su, ka dai sa musu doka: kallo da ido, tuƙi sai kana tsaye, ƙananan sassa kuma a nisanta su da mai rarrafe don kada ya kai baki. Jikata mai shekara 9 ita ke riƙe mini tocila in ina wanke ƙafafu, kuma ta fi ni saurin hango zare a gatari.

Yau dai ka naɗe dogon daga kan kafet, ka shimfiɗa shi a kan tebur ko siminti da aka goge kafin katako ya samu, ka wanke ƙafafu da dogo, ka yi masa minti 30 gaba da 30 baya. In bayan haka yana tsayawa, rubuto ka gaya mini ko a wuri ɗaya ne ko ko'ina, da abin da ya yi da ka taɓa masa batir, da kuma ko moton na gurnani lokacin da ya tsaya ko shiru yake yi. Ka gaishe mini da yayanka.